Ranar da Orval Ya Riga Gawa Shiga Kabari

A gundumarmu ta yammacin Kansas, in aka ambaci Orval Pekarek, abin da ake fara tunawa shi ne ranar da ya faɗa kabarin tsoho Vernon Stuckey tun mai kabarin bai shiga ba. Ƙasa ta jiƙe, takalmin zuwa coci ne a ƙafarsa, hankalinsa kuma na wani wuri: yana biye da masu ɗauke da akwatin gawa, ya karkata kunne ko zai ji biyu daga cikinsu na ƙus-ƙus. Da igiyar sauke akwatin aka jawo shi.

Biyun nan kwamishinoninmu ne, Lyle Hovland da Duane Brandt. Uku muke zaɓa, kowa daga shiyyarsa, su ke yanke hanyar da za a zuba wa tsakuwa da gadar da za a gyara. Biyu cikin uku sun isa zartar da magana, shi ya sa doka ta hana biyu taɓa zancen gunduma sai a zauren taro, ƙofa a buɗe, jama'a na ji. Yadda Orval ya riƙe dokar nan, ko fasto bai riƙe littafinsa haka ba.

Manomin alkama ne, ya ba sittin baya. Bai taɓa cutar kowa ba, bai kuma taɓa yarda da kowa ba. Matarsa Delphine ta ce ranar aurensu sai da ya ciji zoben da shi da kansa ya sayo, don ya tabbatar ba jabu ba ne.

Abin da ya hana shi sakat shi ne gadar katako da ke kan rafin tsakanin gonarsa da gari. Ta tsufa, in motar hatsi ta hau har kuka take yi. Maganarta ta zo gaban kwamishinoni: a gyara ko a rufe. Gidansa kaɗai ne a ƙetaren. In aka rufe, sai dai ya riƙa dogon zagaye da alkamarsa ta wata hanyar laka da gireda ta manta da ita. Shi kuwa ya sa a ransa an riga an kashe maganar a wani lungu.

Sai ya zame musu inuwa. In Lyle ya shiga shagon kofi na Marlys ya tarar da Duane, Orval zai jawo kujera ya zauna a tsakiya. Har ta kai in Lyle ya hango motar Duane a gidan mai, sai ya wuce abinsa, ko da tankinsa ya ƙafe.

"Orval, don Allah matsa in yi wa mutumin nan barka, an yi masa jika," in ji Duane wata rana.

"Yi mana, Kwamishina. Ni ma ina son jin sunan jaririn."

Don gudun bakinsa, ba su zo duba gadar tare ba. Kowa ya zo a ranarsa. Duk wanda ya zo, Delphine ta cika shi da kofi da kek ɗin tuffa, sannan cikin ladabi ta roƙe shi ya koma gida ta hanyar zagayen. Lyle ya maƙale a laka, Duane ma haka, kuma taraktar Orval ce ta fito da su.

Ranar zama, kwamishina ta uku, Arlene Voss, ta ce ba a gyara gada don gida ɗaya. Lyle da Duane suka ɗaga hannu a gyara. Muka ɗauka Orval zai yi murna, sai ga shi ya fito fuska a murtuke.

Washegari Marlys na zuba masa kofi ta ce, "To, mai leƙa kabarin mutane, ka ci gada. Yanzu dai ka yarda ba su haɗa baki ba?"

Orval ya shinshina kofin kafin ya kurɓa.

"Marlys, mutum biyu ba su yi magana ba, amma hannunsu ya tashi tare? Ku yi ta dariya. Har yau ba wanda ya gaya mini abin da ya sa, duk faɗin akwatin gawar Vernon, su biyun suka kama gefe ɗaya."