Motar da ke Kwana a Durƙushe

Akwai wata safiya a garejinmu na Gada Biyu a Jos da ba na jin za ta bar raina har ƙarshen rayuwata. Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, aikin ofis bai samu ba, sai wani oga Ibo mai gareji ya ɗauke ni ina duba masa motoci da kwamfuta. Makanikai suna kirana Injiniya, rabi girmamawa rabi zolaya. Ni kuwa tsoron kuskure ya yi mini yawa, shi ya sa ba na yanke magana. Kullum "mai yiwuwa" ce a bakina, ina ganin ita ce mafakata.

Wani Alhaji daga Kwararafa ya kawo jif ɗinsa, irin wadda ba ta da sifirin a baya, sai wasu balan-balan biyu na roba mai kauri da wani ɗan inji ke hura wa iska. Ya ce kowace safiya sai ya tarar bayanta ya durƙusa, gefen hagu ya fi, har taya ta kusa ɓuya. Da an tayar da ita sai ta miƙe kamar ba komai. Direbansa na tsaye a gefe, dattijo ne mai furfura daga Anguwan Rukuba, ya yi shekara da shekaru yana tuƙa shi.

A Jos kowa ya san motar da bayanta ya zauna. Ita ce mai ɗauko buhunan dankali daga Bokkos. Alhaji yakan yi tafiya ya bar wa dattijon makulli, don haka zuciyarsa ta riga ta gama lissafi kafin ya zo.

"Injiniya, tambaya ɗaya gare ni," in ji shi. "Lodi yana sa mota ta zauna haka ko ba ya sawa?"

Na jona kwamfuta. Abin da ta nuna kawai shi ne injin iskar yana aiki fiye da ƙima. Ban shiga ƙarƙashin motar ba, ban taɓa robar da hannuna ba. Na ce, "To, Alhaji, ba zan ce a'a ba. Nauyi yana iya jawo hakan. Amma kuma..."

Bai jira amma ɗin ba. Ya juya wurin direban ya miƙa hannu.

"Alhaji, ni ban taɓa sa dankali a wannan mota ba," in ji dattijon a hankali. "Ko buhu ɗaya. Allah yana gani."

"Baba, ka dai ji abin da mai ilimi ya faɗa. Ba ni makulli."

Ya ba shi. Ya ɗauko 'yar rigar sanyinsa daga kujerar gaba, ya fita ta ƙofar gareji a ƙasa, bai waiwayo ba. Sai oga ya kira ni gefe ya ce, "Injiniya, ka sani ne ko ba ka sani ba?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To me ya hana ka faɗi haka?"

Na roƙi Alhaji ya bar mana motar ta kwana. Na auna tsayin kowane gefe da tef, na rubuta da alli a bango, na cire fiyus ɗin injin iskar don kada ya ɓoye mini komai. Washegari da sassafe, cikin sanyin nan da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa, na tarar gefen hagu ya sauka da faɗin yatsu huɗu. Babu komai a cikinta, ko jarida.

Na hura mata iska, na kaɗa ruwan sabulu na fesa a bututu da mahaɗai, ko kumfa za ta nuna inda iska ke fita. Shiru. Na fesa a jikin balan-balan ɗin, nan ma shiru. Har na fara shakkar kaina, sai na tuna akwai inda robar ke naɗewa a ƙasa, ido ba ya kaiwa. Na sa jak na ɗaga motar har naɗin ya buɗe, na sake fesawa. Kumfa ta fara tsirowa ƙanana-ƙanana, a jere. Wurin duk ya tsattsage kamar faso a diddige. Oga ya duƙa ya shafa ya ce tsufa ne, da lodi ne da fashewa za ta yi gaba ɗaya. Da rana zafi na tausasa robar tsagar ta rufe, sanyin asuba kuma ya sandarar da ita iska ta tsere.

Da Alhaji ya zo na nuna masa kumfar, kuma wannan karon ban ce mai yiwuwa ba. Ya daɗe a tsugune yana kallo. Can ya ce, "Raka ni wurinsa."

Mun sami dattijon a ƙofar gidansa. Ya sa aka kawo mana benci da ruwa. Alhaji ya ba shi haƙuri, ya ajiye makullin a gabansa. Dattijon ya ce ya yafe, har zuciyarsa. Amma bai taɓa makullin ba.

"Alhaji," ya ce, "in gobe ta sake zama fa?"

Haka muka taso da makullinmu. Mun canja balan-balan ɗin a yini ɗaya, motar ta miƙe, dattijon kuwa bai sake tuƙa ta ba.

Ban yi wa bawan Allah nan ƙarya ba, na sha faɗa wa kaina haka, amma bai taɓa sanyaya mini rai ba. Na fake da rabin magana don kada a kama ni da kuskure, sai ta faɗa a kan wanda ba shi da mai kare shi. Har yau ni mai taka-tsantsan ne, ban canja hali ba. Sai dai na koyi cewa in ban bincika ba, abin da ya wajaba in ce shi ne, "Ban sani ba tukuna, kada a hukunta kowa sai na duba."