Masaukin da Babu Gado

Ina aji uku a jami'a, ina karatun zanen gine-gine, aka saka sunana cikin ɗaliban da za su je Japan taron mako guda a kan tsofaffin gidajen katako. Shekarun nan ne da sojoji suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano, kowane falo a unguwarmu ta Nassarawa ya zama majalisa: wannan ya halatta, wancan bai halatta ba. Ni ba na cikin masu magana. In baƙi suka cika falonmu, gaisuwa nake yi in sulale ɗakina.

Masu shirya taron sun aiko da fom, kowa ya zaɓi masaukinsa. Ko babban otal kusa da tashar jirgin ƙasa, ko ɗaya daga cikin ƙananan masaukai bakwai na gargajiya a tsohuwar unguwar birnin Kyoto. A cike a mayar ta fakis kafin Juma'ar ƙarshen wata. Cike fom ba wuya. Wuyar ita ce fasfo ɗina yana durowar Baba a kulle tare da takardun gida, kuma a gidanmu fasfo ba ya fitowa sai da yardarsa.

Mako biyu na yi ina zirga-zirga shagon intanet da littafin rubutuna. Na ja layi, kowane masauki da shafinsa. Hoto ɗaya sai ya ɗauki minti biyar yana saukowa daga sama zuwa ƙasa, ni kuwa ina zaune ina jira. Na soke na farko don fuskarsa ce kawai katako, cikinsa siminti ne. Na soke na biyu don sun zuba gadaje saboda Turawa. Guda uku wankansu na taro ne, kowa tsirara a kwarmin ruwa ɗaya, suka fita daga lissafi. Wani kuma a saman mashaya yake. Saura ɗaya: gida mai ɗaki shida, ƙofarsa ƴar siririya a lungu, cikinsa dogo, da ɗan lambu a tsakiya. Wata tsohuwa ce ke riƙe da shi ita da ƴarta.

Na rubuta musu tambayoyi goma sha ɗaya. Bayan kwana huɗu amsa ta zo ta fakis da Turancin ƴar, gajere gajere. Banɗakin wanka yana da sakata, kowane baƙo da lokacinsa. Ba za a sa min naman alade ba, ba za a ɗiga giyar shinkafa a miyata ba, kifi da ganye za a dafa min a tukunya daban. Suka tambayi tsawona, don rigar da ake ba baƙo da shimfiɗar da za a yi min. A ƙasan takardar tsohuwar ta zana ɗakin da hannunta, ta ja kibiya zuwa kusurwar da na ce alƙibla take.

Ranar Laraba bayan la'asar na sami Baba a falo tare da Baffa, ƙanensa, wanda a lokacin yake cikin kwamitin masallacin unguwa, ba a yanke magana a gidanmu sai an ji ta bakinsa. Na durƙusa na miƙa hotunan masaukin da na buga. Baba ya sa tabarau. Ɗaki ne shimfiɗe da tabarmar ciyawa mai kauri, da ƙofar takarda mai zamewa, da wani guntun teburi da bai kai gwiwa ba.

"Ina kayan ɗakin?" in ji Baba.

"Su ke nan, Baba."

"Ba su gama tarewa ba ne?"

Baffa ya leƙo ya kwashe da dariya. "Yaya, ko dai ɓarayi ne suka riga mai hoton zuwa? To Injiniya, a ina ake kwanciya?"

"Da yamma ake fito da shimfiɗa daga bango, Baffa. Da safe a naɗe."

"A naɗe! Ka ji ko, Yaya." Sai ya gyara zama, dariyar ta ɗauke. "Ni ba wannan ba. Mutanen nan an ce wanka suke yi a taro, babu mai suturta al'aurarsa. Abincinsu kuma ba ka san me aka zuba ba."

Na buɗe littafina na zaro amsar tsohuwar na ba shi. Ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa, yana bin layi da yatsa. Da ya zo kan kibiyar sai ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Alƙibla ce."

Ya juya takardar ya duba bayanta, babu komai. "To Yaya, ta fuskar addini dai ban ga abin kamawa ba. Otal ɗin ma ba lalle su yi masa haka ba."

Na ɗauka an gama. Ashe ba a fara ba. Baba ya cire tabarau ya ajiye hotunan a kife.

A cikin birni aka haifi Baba, a ɗakin ƙasa, su bakwai a tabarma biyu. Bai cika faɗa ba, a bakin Umma muka ji. Ranar nan ya faɗa da kansa. "Shekara talatin na yi ina aikin gwamnati don kada ɗana ya kwana a tabarma. Yanzu ka hau jirgi ka je ƙasar da ake ƙera motoci, ka kwanta a ƙasa kamar wanda mota ta bari a tasha? In abokaina suka tambaye ni ina ka sauka, in ce musu me? Ka cike otal. In ba haka ba fasfo ya zauna inda yake."

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Kaina yana sunkuye, idona ya faɗa kan teburin cin abincinmu mai kujera goma sha biyu, wanda ba a zama a kansa sai an yi baƙi. Kullum ni ke kai wa Baba tirensa ɗaki. Akwai tabarma a bayan ƙofarsa, a kanta yake tanƙwashe ƙafa ya ci tuwo da hannu, in bayansa ya motsa kuma a kanta yake kwana. Duk gidan an sani, ba mai faɗa.

"Baba, kai ma a ƙasa kake cin tuwo," na ce. "A kan tabarma. Ni nake naɗe ta."

Baffa ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Baba ya dube ni, ya tashi ya shige ciki.

Washegari da safe na cike fom ɗin, na sa alama a kan gidan tsohuwar, na je shagon buga takardu na tura. Ƴar takardar shaidar da na'urar ta fitar na kawo na ɗora a teburin karatunsa, inda ba zai rasa ganinta ba. Ban so a ce a ɓoye na yi.

Kwana tara Baba bai ce min komai ba sai "lafiya" in na gaishe shi. Tiren ma aka koma ba ƙanwata. Umma ta same ni a ɗaki. "Kai da ko kaza ba ka iya kora, ina ka samo wannan bakin? A gaban ƙanensa! Tashi ka je ka ba shi haƙuri."

Na je. Na ce, "Baba, ka yafe min maganar da na yi a gaban Baffa. Ban kyauta ba."

"Masaukin fa?"

"Shi ban janye ba."

"Wato rabin haƙuri ka kawo min."

"Eh, Baba."

Ya ci gaba da karanta jaridarsa. Na fito ban san matsayina ba. Ranar Litinin za mu kai fasfo ofishin jakadanci neman biza, duk wanda bai kai ba an cire shi. Na shirya sauran takarduna a jaka, na bar gurbin fasfo.

Ranar Asabar da hantsi abokan Baba uku suka zo, tsofaffin abokan aikinsa, ana ta zancen majalisa da masu canza jam'iyya. Aka aiko in zo. Na shiga na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Fasfo ɗin yana hannun Baba.

"Shi ne mai tafiya Japan ɗin," ya ce musu. "Wani otal na musamman ya samu, irin na manyansu na da." Ya miƙo min, idonsa a kaina. Na gane abin da yake ba ni: in karɓa in yi shiru, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Na kama gefen fasfo ɗin. Bai saki ba tukuna.

"Ba otal ba ne, Alhaji," na ce wa wanda ya fi kusa da ni. "Gidan wata tsohuwa ne a lungu. Babu gado. A tabarma zan kwana."

Alhajin ya dubi Baba, ya dube ni. "Ikon Allah. Kai ka zaɓa, ko haka aka ba ka?"

"Ni na zaɓa. Cikin bakwai."

Na ji yatsun Baba sun ƙara matse fasfo ɗin. Ni ma ban saki ba, ban kuma ja ba. Muka tsaya a haka, baƙi suna kallo.

"Kun dai ji shi," in ji Baba. Ya buɗe hannunsa. "Karɓi. Tashi ka ba mu wuri."