Ƙarfen da Kawu Ya Hana a Sa wa Inna

Inna ta zame a makewayi ne da damina, da butar alwala a hannunta. Faɗuwa ce da yaro zai yi ya tashi ya karkaɗe riga, amma ita ba ta tashi ba. Muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Dutsi zuwa asibiti, aka ɗauki hoto, likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mini inda ƙashin ƙugu ya rabu, can sama kusa da mahaɗa. Ya ce wurin ba ya ɗoruwa da kara da tsumma, sai an yi aiki an sa ƙarfe an ɗaure da kusoshi, kuma kada a ɓata lokaci. Na ce a yi.

Sai ga Kawu, yayan Inna, wanda tun rasuwar Baba ya zama shi ne wuƙa shi ne nama a kanmu. Dillalin shanu ne, ya saba magana ɗaya a sallama masa. Ya ce ƙanwarsa ba garma ba ce da za a kai ta maƙera. Wai ƙarfe yana jawo tsawa, yana tara sanyi, kuma wa ya taɓa jin an binne musulma da kusoshi a jiki? Na buɗe baki ke nan ya ce boko ya lalata ni, ɗiya mace ba ta yanke magana a kan jinin gidansu. Inna kuwa, ciwo yana cin ta, cewa ta yi a bi ta Yaya.

Aka mayar da ita gida, ya kawo mai ɗori daga wajen Mai'adua. Mutumin ya sa aka kamo kaza, ya karya mata ƙafa a gabanmu ya ɗaure, sannan ya ja ƙafar Inna. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. Ya ce ranar da kazar ta taka, Inna ma za ta taka. Sati uku kaza ta warke sarai, tana tono a ƙofar ɗakin, har ƙwai ta fara. Inna tana kwance wata huɗu. Da na gaji na sake ɗaukar ta zuwa asibiti ban tambayi kowa ba, likita ya ce kan ƙashin ya mutu, aikin da ya rage babba ne, jikinta ba zai ɗauka ba. Tun daga nan da jan gindi take zuwa ko'ina. Kawu ya ce ƙaddara ce. Na haɗiye, amma wallahi ban yafe ba.

Bayan shekara uku wani bijimi ya make Kawu a kara, kasuwar shanu, ƙashin ƙugu ya karye, wuri ɗaya da na Inna. Kafin la'asar 'ya'yansa sun kai shi Katsina, aka sa masa ƙarfe da kusoshinsa. Ban ji ya yi maganar tsawa ba. Ban je dubiya ba, aka yi ta ce mini zumunci, na ce a kai kasuwa.

Wata biyu sai ga sallamarsa, da 'yar sanda, a kan ƙafafunsa. Matarsa ta riga ta gaya mini likita ya hana shi zaman ƙasa da tsuguno, ko salla a kujera yake yi. Kujerar roba ɗaya ce a gidan, ni ce a kanta ina tsince shinkafa. Inna ta jawo jiki ta shimfiɗa masa tabarma da murnarta. Ya dubi tabarma, ya dubi kujera. Na gaishe shi daga zaune, na ci gaba da tsintata.

“Ke, tashi ki ba Yaya kujera,” in ji Inna.

Na ce, “Inna, shekara uku kina ƙasa. Ga tabarma nan, ya zauna kusa da ke.”

Ya dogara sanda ya gaisa da ita a tsaye, gumi yana tsatsafo masa, ƙafar tana rawa. Ina kallo ta wutsiyar ido, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina. Inna ta matso ta kama gefen zanena tana ja, tana cewa don Allah, don darajar Baba. Hawayenta na gani, ban motsa ba.

Da ƙafar ta gaza ya juya zai tafi. Inna ta saki zanena, ta bi shi da jan gindi a tsakar gida, zane yana kwasar ƙasa, ta raka shi har bakin zaure. Ina jiyo ta daga inda nake zaune, ita ce take ba shi haƙuri.