Likitar da take rubuta wa kwalabe suna

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da misalin ƙarfe uku na rana, aka kira ni a waya aka ce motarki ta kife a hanyar dawowa daga unguwar bayan gonar aladu. Kafin in isa asibiti Allah ya karɓi abinsa. Nasa muke, gare shi za mu koma. Likita, shekara goma sha ɗaya ina gwada jinin dabbobin da kike ɗebowa, yau ga ni ina rubuta ta'aziyyarki.

Wata biyu ke nan da aladun gonar suka fara mutuwa da wata baƙuwar cuta. Ba a jima ba maguna uku na unguwar suka kama tari da zazzaɓi. Muka gwada, muka tarar ƙwayar cutar ce ta tsallaka. Hankalin jama'a ya tashi. Mahukunta suka ba da wa'adin kwana goma: in ba a nuna iyakar inda cutar ta kai ba, za a kashe duk wata mage da ke unguwar.

Ke kika ce kina zargin magunan da ke cin kayan cikin da ake zubarwa a bayan gonar ne kaɗai suka kamu. Amma hujja sai an ɗebi jini. Abokan aiki da dama suka yamutsa fuska da jin sunan gonar, ke kuwa kika sa takalmin roba kika shiga. Sannan kika bi gida-gida, har hannuwanki suka cika da yakushi.

Abu ɗaya ne kullum ke haɗa mu faɗa. Ni a wurina kwalba lamba ake sa mata, bayani kuma a littafi. Ke kuwa sai kin cika jikin kwalba da rubutu: "Magen tela, mai ido ɗaya, tana zuwa bayan gona." "Magen tsohuwa mai tabarau, ba ta fita." In na yi mita sai ki yi dariya ki ce, "Sarkin lamba, sa lambarka a murfi. Ni sai na san mai ita." Ranar Talata raina a ɓace na ce miki wannan ba aikin ƙwararru ba ne. A kan wannan maganar muka rabu.

Ranar hatsarin saura kwana biyu wa'adi ya cika. Littafinki ya faɗa cikin ruwan kwata, tawada ta narke, ko layi ɗaya ba ya karantuwa. Akwatin sanyi ne ya tsira da kwalabe arba'in da bakwai. Da shawarata kika bi, da jini ne kawai a hannuna ban san na wace mage ba ne.

Daga maƙabarta na wuce ɗakin gwaji. Washegari na tarar da tsohuwa mai tabarau zaune a bakin ƙofa. Ta ce masu kejin kama maguna sun riga sun iso bakin layinsu.

"Ɗana, Likita ta ce min ba za a taɓa magena ba. Tun rasuwar maigidana ita kaɗai ke gare ni a ɗaki. Yanzu da Likita ba ta nan fa?"

Na ce ta jira. Ƙarfe goma sha ɗaya sakamako ya kammala. Tara ne suka kamu, kuma a jikin kowace kwalba cikin taran akwai rubutunki: tana zuwa bayan gona. Da gudu na kai wa mahukunta takardar sakamakon. Aka janye umarni, aka killace taran, aka rufe wurin zubar da kayan cikin. Tsohuwa ta tambaye ni inda kabarinki yake.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki mata biyu waɗanda ba kya yarda su rungume ki sai kin yi wanka kin sauya kaya. Allah ya ba su haƙurin rashinki, ya raya abin da kika bari. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa tausayin da kika yi wa marasa baki ya zame miki rahama.

Ni kuma, Likita, maganar ranar Talata ban samu janye ta ba. Allah ya haɗa mu a Aljanna in roƙe ki gafara.