Likitan da Ya Koma Ya Gyara Rubutun Kansa

Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran likitan zuciyar da ya yi wa 'yata Auta aiki. Na Allah ne mu, wurinSa kuma muka nufa. Auta ce ta kira ni ta faɗa mini, ita kuma ta ji daga bakin nas ɗin da ke ba su ranar zuwa asibiti. Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ba jini ya haɗa ni da shi ba, harshen da yake rubutu da shi ma ban iya karanta shi ba. Don haka abin da na gani ko na ji da kunnena shi zan faɗa, wanda aka ba ni labari kuwa zan ce an ba ni.

Likita, ranar da muka fara shiga ofishinka Auta budurwa ce, ba ta iya hawan bene sai ta huta a tsakiya, barci kuma sai a zaune da matasai a bayanta. A kan teburinka akwai zuciyar roba mai buɗewa, gefenta ya tsage ka ɗaure da zare. Ka buɗe ta ka nuna mana ɗakunan da ke ciki da ƙofofinsu, ka ce ƙofa ɗaya ta Auta ba ta rufuwa, wani ciwon maƙogwaro da ta yi tana ƙarama ne ya ci bakin ƙofar, shi ya sa jini ke komawa baya. Ka ce hanya biyu ce. Ko a sa mata ƙofar ƙarfe, ta riƙa shan maganin tsinka jini har ƙarshen ranta, ga haɗari idan ta samu ciki, ko kuma a yanko daga tantanin da ke lulluɓe da zuciyarta a yi wa tata ƙofar faci. Na tambaye ka ko za a sa mata wani abu na dabbar da ba ta halatta ba. Ba ka yi dariya ba, ka ce daga jikinta za a ɗauka, a jikinta za a mayar. Sai da ka ga hankalina ya kwanta sannan ka ce, "Ni mai faci ne, Malama, kamar na bakin titi. Sai dai shi in ya kuskure, tura motar kawai za a yi."

Daga baya na san cewa wannan hanyar ɗinkin taka ce. Ɗalibarka, wadda yanzu ita ma likita ce, ita ta gaya mini ka daɗe kana rubuta ta a mujallun likitoci. Wata maƙalar a kan yadda ake yanka tantanin, wata a kan yara, wata a kan matan da suka haihu bayan aikin, har likitocin wasu ƙasashe suka ɗauka suna yi wa nasu marasa lafiya. Ta faɗi adadinsu, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne duk wanda ka rubuta labarinsa ba ka sakinsa. Kowace shekara sai ya dawo an ɗauki hoton zuciyarsa ka saurari ƙirjinsa, in bai zo ba kuwa nas za ta yi ta kiransa har kunya ta kawo shi. Mijin Auta yakan ce surukansa ma ba su bin diddigin matarsa kamar yadda kake yi.

Da ta haifi ɗanta na fari lafiya, ka nemi izininta kafin ka sa ta cikin wata maƙala. Ka ce ba za a ambaci sunanta ba, mace mai shekara kaza kawai za a rubuta. Ta ce to a rage mata shekara biyu. Ka ce komai ta roƙa za ka yi mata ban da wannan.

Bara ka tara mu, waɗanda aka yi wa facin da iyalansu, a ɗakin da ake koyar da ɗalibai, muka zauna a kan kujerun nan masu hannun rubutu. Ka tsaya ba takarda a hannunka. Ka ce ka lura cewa a jikin wasu, bayan shekaru masu yawa, facin yana taurara, ƙofar ta sake fara yoyo a hankali tun mai ita bai ji komai ba. Ka ce a rubutunka na baya ka faɗa wa duniya facin yana ɗorewa, abin da ka gani a lokacin ke nan, yanzu kuma ka ga wani abu. Wani dattijo ya tambaye ka ko aikin banza aka yi musu. Ka ce masa shekarun da ya yi yana zuwa masallaci da ƙafarsa ba banza ba ne, amma dole a ci gaba da sa ido. Ka ce mu da ke kusa ba mu ne damuwarka ba, tunda kana ganinmu. Damuwarka waɗanda aka yi wa aikin a wasu asibitoci, likitocinsu suka karanta rubutunka na farko suka sallame su, suka ce ba sai sun dawo ba. Babu hanyar da za ka kai gare su sai ta mujallar da ka bi da farko. Ƙofar Auta na cikin waɗanda suka fara yoyo kaɗan, tana shan magani ana duba ta. Ka fara rubuta sabuwar maƙalar, ciwo ya kwantar da kai kafin ka gama.

Da muka je gidanka gaisuwa, ina zaune a falo tare da mata, ƙanenka da ɗalibarka suka tsaya bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa, amma falon ƙarami ne. Ƙanenka yana cewa an fara maganar sa wa ɗakin karatun ɗalibai sunanka, me zai sa a fitar yanzu da takardar da masu hassada za su ɗaga su ce hanyarka ta gaza, alhali ba ka da bakin ba su amsa. A bari ƙura ta lafa, in ya so nan gaba ta fitar da sunanta ita kaɗai. Ban ga mugunta a maganarsa ba, son ɗan'uwa ne. Ita kuma ta ce ɓangaren ƙarshe ne kawai ya rage, ka faɗa mata shi da baki kana kan gadon asibiti, amma tana tsoron a ce jira ta yi malaminta ya mutu ta rushe aikinsa. Ni ban sa baki ba, ba gidana ba ne.

Maiɗakinka ce ta ajiye carbinta ta kira su ciki. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baffan yara, kai ma ka san yayanka. Mutumin da ya koma wurin tela don ya gaya masa wandon da ya yi ƙorafin ya yi masa gajere, ashe bai yi ba. In kuka riƙe takardar nan, nauyin mutanen can kuka bar masa, shi kuma ba ya inda zai sauke."

Ta juya ga ɗalibarka ta ce, "'Yata, ki ƙarasa. Ki sa sunansa a gaba kamar yadda yake a sauran. Wanda zai yi suka, shi ma ya yi da nasa sunan."

Ƙanenka ya nufi ƙofa. Da zai fita ya ce in ta fito a kawo masa, a samu wanda zai fassara masa. Shekaranjiya ɗalibarka ta gaya wa Auta cewa ta tura maƙalar, an amsa mata za a duba ta kamar yadda ake duba ta kowa. Ba ta fito ba tukuna. Maganar sa wa ɗakin suna kuma ban sake jin komai a kanta ba.

Allah Ya jiƙan ka, Likita, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa ilimin da ka bari ya riƙa bin ka da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da ƙanenka da sauran dangi, da ɗalibarka da abokan aikinka, Allah Ya ba su haƙuri. Waɗanda kuma ke yawo da facinka a ƙirjinsu a garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba, ba su ma san ka rasu ba, Allah Ya sa saƙonka ya isa ga likitocinsu da wuri, a kira su su dawo a duba. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.