Idon Hagun Balkissa Mai Kitso

Duk matar da ta zauna zangon Agege a shekarun da soja suka miƙa mulki ta san Balkissa mai kitso. 'Yar Dogondutse ce ta ƙasar Nijar, doguwa, ba ta da yawan magana. Bayan rasuwar mijinta ta biyo ƙanenta Habibou zuwa Legas, shi yana sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ita kuma ta kama ɗaki a gidan hayar da aka haife ni. Ƙofarta tana kallon tamu.

Hannunta ne ya yi mata suna. Tana tsaga gashi siriri kamar da zare, har matan Yarbawa suna hawo motar haya ta danfo daga Mushin su zo layi. Ranar Juma'a Habibou kan zo bayan masallaci da 'yar albasa a leda, ya zauna kan benci a hagunta yana jira ta gama. Ba sa wata hira mai tsawo. Yakan ci tuwo, ya tambayi labarin gida, ya tafi kafin magariba.

A watan Nuwamban 1999 aka yi rikicin ƙabilanci a Ketu, unguwar da kasuwar Mile 12 take. Da abin ya lafa Balkissa ta bi mazan unguwa zuwa kasuwar. Rumfuna na ta hayaƙi, tumatur ya ruɓe a ƙasa. Sun duba ofisoshin 'yan sanda, sun duba ɗakunan ajiye gawa, ba su ga Habibou ba. Wani ya ce ya hango shi yana hawa motar da ta yi Arewa, wani ya ce a bakin kwata ya gan shi kwance. Da mata suka shigo yi mata gaisuwa sai ta tare su a ƙofa, ta ce ba a yi mata rasuwa ba. Washegari ta shimfiɗa tabarma ta ci gaba da kitso.

Da damina ta kama, idonta na hagu ya yi ja. Kowa ya ce apolo ne, masu kitso suka ɗauke ƙafa na ɗan lokaci. Amma apolo yana kwantsa, yana bin gida, nata kuwa ba kwantsa, kuma ko yaro ɗaya bai kama ba. Jan ya kewaye baƙin idon ne, ciwon yana can ciki, ta ce kamar ana danna mata babban yatsa. Haske ya zama abokin gabarta, ta rataye zani a taga. Mai kemis ya ba ta maganin ɗigawa, ya lafa, ya dawo. Ta gwada tozali, ta gwada hayaƙi, ta wanke fuska da rubutu. Daga baya ta fara ganin baƙaƙen abubuwa suna yawo a gabanta kamar tokar takarda. Tana cikin tsaga sai ta kai hannu ta kore su.

Wata Juma'a da la'asar ina zaune tsakanin gwiwoyinta tana yi min shuku, sai na ji yatsunta sun tsaya a kaina. Sannan ta ce, a hankali, da harshensu na can:

"Sa'adiya, kada ki waiwaya. Shina nan bisa benci."

Na waiwaya duk da haka. Bencin ba kowa. Ta ce min ba yau ya fara ba. Wata inuwa ce mai tsayin mutum a zaune, kullum a hagunta, in ta juya don ta kalle shi sosai sai ya matsa, in ta tsaya shi ma ya tsaya. Ba ya magana. Ta ce hayaƙin Ketu ne ya shiga idonta, shi kuma ya biyo hayaƙin. Ba da tsoro take faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Daga ranar ba ta bari kowa ya zauna kan bencin nan.

Akwai wata maƙwabciyarmu Caroline, 'yar Kafanchan, da ke aikin jinya a wani ɗan asibitin haihuwa. Mu Maman Longji muke kiranta. Ita ce ta lura wata safiya a bakin famfo cewa ɗan baƙin tsakiyar idon Balkissa ya daina zama zagaye, ya karkace kamar an ja shi gefe. Ta ce wannan ba apolo ba ne, kuma ba aikin kemis ba ne. Ta yi ta bin ta har ta yarda a je asibitin ido. Ni aka ɗauka tafinta, tunda ina jin Yarbanci da Turanci.

Likitar wata Bayarabiya ce mai furfura. Ta sa Balkissa ta ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta saki haske siriri cikin idon, ta daɗe tana leƙawa. Ta ce akwai ruwa garai a gaban ido wanda ya kamata haske ya ratsa ba komai, amma a na Balkissa ƙananan ƙwayoyi ne ke yawo, alamar kumburi a cikin idon kansa, ba a fatarsa ta waje ba. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, yubiyaitis. Ta ce ba baƙon ciwo ba ne a wurinta, tana yawan ganinsa, sai dai yawanci mutane ba sa zuwa sai sun gama ɓata watanni suna maganin apolo. Ta yi tambayoyin da suka ba mu mamaki: ko tana tari, ko gaɓoɓinta na ciwo, ko bayanta na ƙagewa da safe, ko bakinta na fitar da gyambo. Aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Da muka koma, duk ba a ga komai ba. Likitar ta ce haka yake ga mutane da yawa, a ga ciwon, a rasa abin da ya tayar da shi.

Balkissa ta ce in tambayi lokotoro, haka take kiran likita, ko hayaƙi na kawo shi. Likitar ta ce a'a. Ta ce in tambaye ta inuwar fa. Likitar ta ce dattin kumburin ne ya taru a can bayan ido, shi ya sa yake tafiya duk inda idon ya tafi, kuma magani zai rage shi. Balkissa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"To mi ya sa ba ya zama sai inda shike zama?"

Ban fassara wannan ba. Na ce wa likitar tana godiya.

Aka ba ta magungunan ɗigawa iri biyu da ƙwayoyi, aka ce kada ta tsaya sai an ce ta tsaya. Ciwon ya sauka, jan ya tafi, ta cire zanin taga. Muka yi murna. Abin da ba mu sani ba, inuwar ma ta fara kodewa, kuma da Balkissa ta ga haka sai ta daina ɗigawa. Ranar komawa asibiti ta ce tana da masu biki. Sai da ciwon ya dawo fiye da na farko Maman Longji ta ga kwalaben cike a bayan madubi. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta ce ita ma akwai yayanta da ya fita aiki a Kaduna a wancan rikicin na bara bai dawo ba, kuma da za a ba ta ko inuwarsa ce da ta karɓa. Amma ta ce idon nan da shi Balkissa take cin abinci.

Sun makara. Likitar ta ce ruwan idon ya toshe, ya matse jijiyar gani, abin da ya tafi ba ya dawowa. A hankali gefen hagu ya rufe gaba ɗaya. Wata rana Balkissa ta ce min yanzu babu toka, babu inuwa, babu ma duhu, wurin dai babu shi. A makon nan ta aika wa limamin unguwa a yi wa Habibou addu'a, ta dafa shinkafa aka raba sadaka, ta karɓi gaisuwar da ta ƙi karɓa kusan shekara biyu.

Da idon dama ya fara ja, ranar ta hau okada da kanta ta tafi asibiti, aka tare shi da wuri. Ta ci gaba da kitso, sai dai manya take yi yanzu, yatsunta na yin rabin aikin ganin.

A farkon 2002 wani direban tirela ya kawo matarsa kitso, a cikin hira ya ce ya ga wani mai kama da Habibou a wata unguwa daban, Mile 2, ya rame, yana bin motoci ba ya amsa suna. Balkissa ta je can sau da yawa. Na raka ta sau ɗaya. Ta tsaya a mahaɗar hanya cikin ƙarar tireloli, tana juya kanta gaba ɗaya don ta bi kowace fuska da idon da ya rage, har rana ta yi zafi idon ya fara hawaye. Ba mu ga kowa ba.

Kafin azumin shekarar ta tattara kayanta ta ce za ta gida, mahaifiyarsu ta tsufa kuma har yanzu ba wanda ya gaya mata komai. A tasha na tambaye ta me za ta ce wa tsohuwar. Ta gyara ƙullin magungunanta a bakin zani, ta ce hanyar da nisa, za ta yi tunani a mota.