Rawanin da Aka Naɗa wa Baffa

Ban taɓa ganin Sahara ba, shi ma tsohon bai taɓa ganinta ba. Amma wata Asabar, a gabana, aka mayar da shi mutumin Sahara, ni kuwa ina tsaye da lema a hannu kamar an dasa ni.

Tun ina yarinya rugarsu take bayan gonar cittar babana, can gefen Fadan Kaje. Baffa muke ce masa. Duk labarinsa na shanu ne. Zai nuna saniya da sanda ya ce uwar wannan a bakin rafin Zonkwa ta haihu, uwar uwarta kuma ita ce ta faɗa rami a duwatsun Nok, mutanen gari suka fito da igiya suka ciro ta. Haka zai yi ta komawa baya, saniya bayan saniya, kowacce da wurinta da mutanen da suka shaida, har ya kai zamanin kakansa. Duk wuraren da yake kira, babu inda ƙafa ba za ta kai ka a yini biyu ba.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, ɗan wata ƙawata ta zumuntar mata ya zo gidana. A Abuja yake, yana kawo mutane yawon ƙafa cikin duwatsu, wai su ga al'adu. Ya ce in kai su wurin Baffa in yi musu tafinta. Har ga Allah na ji daɗi. Ni na je da ƙafata na roƙi tsohon, ya ce tunda ni ce, su zo.

Muka tashi da safe, su goma sha wani abu, kowa da jakar baya da sandar ƙarfe, ana haki ana ɗaukar hoto. Hanyar nan fa ita ce matanmu ke bi kullum da itace a ka da goyo a baya.

Muna isa, ko gaisuwa ba a gama ba, ɗan ƙawar tawa, jagoran tafiyar, ya zaro wani shuɗin rawani daga jaka.

"Baba, cire wannan malfa. Wannan zai fi kyau a kamara."

Baffa ya dube ni. Bafulatani da kunya, ba zai ce wa baƙonsa a'a ba. Aka naɗe shi har hanci. Sai jagoran ya juya ga mutanensa ya ce da Turanci, ga makiyayan hamada nan, daga Sahara suka gangaro da labaran raƙuma da taurari.

Na ji shi sarai. Na ce a raina, ɗan ƙawata ne, kada in kunyata shi gaban baƙi, in mun koma gida na ja masa kunne.

Baffa ya fara da farar saniyarsa, ina juyawa. Bai kai saniya ta uku ba jagoran ya katse mu.

"Mama, wannan labarin shanu ya yi dogo. Tambaye shi ko yana da na raƙumi."

Baffa ya ce ya taɓa ganin raƙumi sau ɗaya a kasuwar Kafanchan, wani mai magani ya zo da shi. Na juya musu. Suka tuntsire da dariya, wai tsoho ya iya barkwanci.

Da bidiyon ya fito, babu muryar Baffa, babu tawa. Kiɗa aka ɗora, da rubutu a ƙasa cewa ga ɗan Sahara. Kafin mako guda, bidiyon ya shiga kowace waya a garinmu. Wanda ya san ƙasar nan ya san ba a wasa da kalmar baƙo. Mun binne mutane a kanta, mu da Fulanin. Wani mai acaɓa, wanda uwarsa ta yi shekara da shekaru tana sayen nono a rugar, ya tare tsohon a kasuwa ya nuna masa waya: "Baba, ashe kai ɗan Sahara ne? To yaushe za ka koma?"

Na kira jagoran a fusace. Ya ce, "Haba Mama, talla ne kawai." Talla! Shi yana can Abuja cikin sanyin ofis, mutum mai shekara tamanin yana nan ana tambayarsa ranar tafiya. Na wanke shi tas, har uwarsa ta daina gaishe ni a coci. Bai cire bidiyon ba.

Bayan kwana biyu Baffa ya zo gidana da hantsi. Na kawo kujera, ya zauna a bakinta.

"Malama, an karanta mini abin da aka rubuta. Da bakinsa yaron nan ya faɗa ranar?"

"Ya faɗa, Baffa."

"Kin ji?"

"Na ji."

"Me kika ce masa?"

Na sunkuyar da kai. Sannan ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ni ban iya Turanci ba," ya ce. "Shi ya sa na zauna kusa da ke."